Daga Wakanda Zuwa Alƙalawa: Wa Ake Ba Matsayin Akta?

A hutun zangon da ya wuce, ina gida Sabon Birni, na tarar da ƙanena ɗan shekara goma ya ɗauki wata tsohuwar takardar laccata ya cika bayanta da zane. Spider-Man ya zana, kuma ba laifi, yaron na da hannu. A gefe ya sake zana shi ya tuɓe abin rufe fuskarsa. Ya shafa wa gashin ruwan ɗorawa, fuskar kuwa ya bar ta fara fat kamar yadda takardar ta zo. Na ce masa, "Kai kuma me ya hana ka yi shi irinmu?" Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, "Yaya, ai akta Bature na. Baƙi shi a abokin akta, shi ka hwara mutuwa."

Na yi dariya a lokacin. Da dare ya yi kuma dariyar ta ƙare mini, don na lura yaron bai taɓa fita daga jihar Sakkwato ba, bai taɓa ganin Bature ido da ido ba, amma ya riga ya haddace wata doka game da launin fatarsa, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. A wayar yayyensa ya koye ta, daga finafinan da ake tura mana a shagon cajin waya. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu tattauna abin da ake kira wakilcin baƙar fata a finafinan jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, irin su Superman da Batman da Black Panther.

Idan an ce wakilci, wasu sukan ɗauka ana nufin a ga baƙar fuska a allo kawai. In haka ne ai tun tuni an gama. A finafinan Tarzan da aka riƙa yi tun shekarun 1930, baƙaƙe sun cika allo maƙil: su ne masu ɗaukar kaya a ka, su ne masu ihu da māsu, su ne kada ke cinyewa don mai kallo ya san kogin na da haɗari. Bature guda kuma shi ne sarkin dajin. Saboda haka tambayar ita ce wane matsayi aka ba mutum a labarin. Mu da muka tashi da kallo mun san rabon: akwai akta, akwai bos, akwai abokin akta, sannan akwai taron jama'ar da akta zai cece su, waɗanda ba su da suna ba su da magana. Wanda kullum yake ganin masu kama da shi a kaso na uku da na huɗu, a hankali zai yarda nan ne mazauninsu.

An fara buga labarin Superman a mujallar zane a 1938. Sai da aka shekara 28 kafin wani babban kamfanin mujallun zane na Amurka ya fito da baƙar fata mai irin wannan ƙarfi, wato T'Challa sarkin Wakanda, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira a kamfanin Marvel, ya fara bayyana a watan Yuli na 1966. Ku lura da lokacin: ƙasashen Afirka sun fara samun 'yancin kai, Nijeriya ma shekararta shida, baƙaƙen Amurka kuma suna tsakiyar gwagwarmayar neman haƙƙinsu. A fim an yi 'yan gwaje-gwaje a shekarun 1990. Shaquille O'Neal, ɗan wasan ƙwallon kwando, ya fito a Steel a 1997, fim ɗin ya faɗi warwas. Wesley Snipes ya fito a Blade a 1998, wannan kam ya ci kasuwa, kuma yayyenmu da suka yi zamanin gidan kallo na bidiyo har yau suna tuna shi. Halle Berry ta fito a matsayin Storm a X-Men a 2000, amma a cikin ayari, ba ita ke jan ragamar labarin ba. Da Marvel suka buɗe jerin finafinansu da Iron Man a 2008, sai da suka yi guda 17 babu ko ɗaya da baƙar fata ke jagoranta. Na 18 shi ne Black Panther, a watan Fabrairun 2018.

Uzurin da aka daɗe ana bayarwa a Hollywood shi ne wai fim mai baƙaƙen 'yan wasa ba ya sayuwa a wajen Amurka. Black Panther ya tara sama da dala biliyan 1.3 a duniya. Shi ne fim na farko a wannan rukuni da ya shiga takarar fim mafi kyau a kyautar Oscar, ya kuma ci kyautuka uku. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne waɗanda ke bayan kyamara. Darakta Ryan Coogler baƙi ne. Ruth Carter da ta tsara tufafi da Hannah Beachler da ta tsara gine-gine da wuraren fim ɗin, dukkansu baƙaƙen mata ne, kuma kowacce ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar a fanninta. Shi ya sa Wakanda ba ta zama dajin Tarzan ba. Yaren Xhosa na Afirka ta Kudu suke yi, barguna irin na mutanen Lesotho suke yafawa, akwai masu shigar Buzaye, akwai dogayen benaye da itatuwa suka leƙo daga jikinsu kamar masallatan Tumbuktu. Mai ƙera makamai da na'urori, wadda ta fi kowa kai a ƙasar, yarinya ce, Shuri. 'Yan'uwana mata na sashen injiniya, ku gaya mini sau nawa kuka ga haka a allo kafin nan.

Wani zai ce, to fim ne fa, wasa ne, mene ne abin ɗaga jijiyar wuya? A shekarun 1940 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, mata da miji, Kenneth da Mamie Clark, sun yi wani gwaji a Amurka. Sukan ajiye wa yara baƙaƙe 'yartsana fara da baƙa, su tambaye su wacce ce mai kyau, wacce suke son wasa da ita. Mafi yawan yaran fara suka zaɓa. An kafa hujja da wannan bincike a shari'ar da Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe a 1954. Mu a nan ba wanda ya raba mana makaranta saboda launi. Amma ku leƙa kantin kayan shafe-shafe ku ga yawan man bilicin, ku dubi irin fatar da ake zaɓa a tallan sabulu, ku kuma saurari yadda muke yabon jariri in ya zo da haske. Ban ce Superman ne ya jawo duk wannan ba, abin ya girme shi. Amma yana cikin masu ƙara wa wutar itace.

Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, akwai wuri guda a Black Panther da ya tsaya mini a rai, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. A farko-farkon fim ɗin, an nuna wani daji da dare, an rubuta sunansa a allo: Sambisa, Nijeriya. Motoci na tafe a jere, cike da mata da aka sato, masu bindiga na gadinsu. T'Challa ya diro daga jirginsa ya gama da su cikin 'yan mintuna. Kalmar da kunnena ya kama wadda na sani tun ina goye ita ce "wallahi", kuma daga bakin mai bindiga ta fito, yana barazanar harbe mace. An kuɓutar da matan, an ce su koma gida kada su gaya wa kowa abin da suka gani, jirgi ya tashi ya nufi Wakanda. Shi ke nan rabon arewacin Nijeriya a fim ɗin da duniya ta yi wa shewa a matsayin bikin Afirka.

Na san dalilinsu. Sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014 ya girgiza duniya, kuma masu fim ɗin sun so su nuna ba su manta ba. Akwai ma wani abu mai kyau a wurin: Nakia ta hana T'Challa kashe wani yaro mai riƙe da bindiga, don shi ma sato shi aka yi. Duk wanda ya fito daga yankinmu ya san wannan ba ƙage ba ne. Amma ku koma kan rabon nan na akta da bos. Ko a fim ɗin da baƙi ne akta, mu an ba mu matsayi biyu: bos ƙarami da ake kashewa kafin labari ya fara, da jama'ar da ake ceta. Ashe kalmar "baƙar fata" babbar rumfa ce, ana iya wakiltar wasu a ƙarƙashinta a bar wasu a rana.

Abin ya fi yi mini ciwo saboda inda na fito. Ku rubuta Sabon Birni ko Isa a intanet ku ga abin da zai fara fitowa. Harin ƙauyuka a 2020. Rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a watan Satumbar 2021, mu a ciki. Matafiyan da aka ƙona cikin mota a hanyarmu a watan Disambar wannan shekarar. Sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, da rasuwarsa a hannun 'yan bindiga a watan Agustan 2024, Allah ya jiƙansa da sauran waɗanda suka riga mu. Duk gaskiya ne, ba wanda ya yi mana ƙarya. Amma ranar da na fara gabatar da kaina a aji na ce daga Sabon Birni nake, abin da ya biyo baya shi ne "Allah sarki". Ba wanda ya ce, "A'a, Gobir gidan faɗa!" kamar yadda kakanninmu suka saba ji.

Ga inda maganar ta daina zama ta nishaɗi. Yaro yana buƙatar wanda zai kalla ya ce ina son in zama kamarsa. In ka duba wayar da ƙanena ke kallo, mai ƙarfi iri biyu ne a ciki. Akwai Bature mai tashi sama, wanda ya san ba zai taɓa zama shi ba. Akwai kuma wani mai kama da shi, mai jin yarensa, da rawani da bindiga a kafaɗa, yana zaune a daji yana ƙirga kuɗi a bidiyon TikTok, yana yi wa hukuma gatse. Na ga yara a unguwarmu suna wasan da a da muke kira ɓarawo da ɗansanda, yanzu da karan dawa a rataye, kuma rigimar da suke yi kafin a fara ita ce kowa na son ya zama na daji. Ba na zargin yaran. A duk labaran da ke isa gare su, shi kaɗai ne baƙi Bahaushen magana da ba a ceto shi, ba a tausaya masa, tsoronsa ake ji. Fim ba zai kawo tsaro a hanyar Isa ba, wannan aikin hukuma ne kuma muna nan muna jira. Amma wane ne gwarzo a idon yaro ɗan shekara goma, wannan fagen na masu ba da labari ne, kuma a yanzu mun bar shi ba kowa.

Abin haushin shi ne ba kayan aiki muka rasa ba. Aikin da Marvel ke yi, wato ɗaukar mutum a kambama shi har ya fi ƙarfin mutane, makaɗanmu sun daɗe suna yin sa da baki da kotso. Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne, nan ƙasar Isa, kuma duk wanda ya saurari waƙoƙin da ya yi wa Sarkin Gobir Amadu na Isa ya san yadda ake gina gwarzo da kalmomi. Ɗan'anace ya yi wa Shago haka a fagen dambe, har mutanen da ba su taɓa ganin Shago ba suna iya siffanta maka naushinsa. Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura, in ka cire sunayen, ai labarin akta ne da ya zo gari ya kashe dodon da ya hana mutane ruwa. Ga 'yan tauri da wuƙa ba ta kama su, ga labaran layar zana da baduhu da kakanni ke ba mu. Ban ce a yarda da su ba, ni ma ɗalibin kimiyya ne, kuma malamanmu na addini sun yi magana a kai. Amma Baturen da ya rubuta cewa gizo-gizo ya ciji yaro ya fara hawa bango, shi ma ai bai yarda da hakan ba.

Sai kuma Alƙalawa. Kufanta na nan a ƙasarmu, kusa da Gulbin Rima, kuma da yawa daga cikinmu da muka tashi a yankin ba mu taɓa taka wurin ba. Ita ce hedikwatar Gobir a ƙarni na 18, daga nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulkin da har yau in an ambaci sunansa tsofaffi sukan gyara zama. Akwai wani zama da littattafan tarihi suka kawo wanda ban san abin da ya fi shi dacewa da fim ba. A filin idi a Magami, Bawa ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, a lokacin yana da ƙuruciya, ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarkin da ake tsoro ya amince. Bayan Bawa al'amura suka lalace, aka kai ga yaƙi, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a cikinta. Gobirawa suka watsu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Ga kuma sarautar Inna, mace mai faɗa a ji a fadar Gobir, ga waɗanda ke ganin sai a Wakanda ake samun mace kusa da gadon sarauta.

Na san wannan labari na da ƙaya. A makaranta an koya mana Gobir a matsayin bos na tarihin jihadi, a gida kuma kaka na ba mu shi ta wata fuska. Ni Musulmi ne, Bagobiri kuma, ina ɗauke da duka biyun, kuma ban ga dalilin da zai sa in jefar da ɗaya ba. Fitar da Shehu a fim kam ba abu ne da jama'armu za su karɓa da sauƙi ba, mai hankali ba zai fara daga nan ba. Amma abin da ya sa mutane suka riƙe Black Panther ai har da Killmonger, abokin gabar da ke da hujja, wanda ka ƙi hanyarsa amma ka fahimci ciwonsa. Mai rubutun da ya san ƙasar nan zai iya ba da labarin Gobir da irin wannan adalci. Wanda bai san ta ba, in ma ya waiwaye mu, dajin dare da motoci zai sake nunawa.

An taɓa gwadawa a kusa da mu. A watan Afrilun 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi cikin Nijar, ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da ke ƙona garuruwa a kan hanyarta. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Na tambayi abokan ɗakina a hostal, ba wanda ya taɓa jin sunan fim ɗin. Amina na Izu Ojukwu ya hau Netflix a 2021, an yi ƙoƙari, amma da Turanci Sarauniyar Zazzau ke magana, kuma ni dai ban ji ƙamshin gida a ciki ba. A kudu kuwa matasa sun wuce wurin ƙorafi. Kamfanin Comic Republic a Legas na buga mujallun jarumai 'yan Nijeriya tun 2013. Iwájú, zanen katun da Kugali suka yi da Disney a kan Legas ta nan gaba, ya fito a 2024. Iyanu na Roye Okupe, wanda aka gina kan al'adun Yarbawa, ya fito a 2025. Taubasanmu Yarbawa sun riga mu, kuma a matsayina na Bagobiri wannan kaɗai ya isa ya hana ni barci.

Kannywood na da kasuwa da 'yan kallo, amma ta fi sabawa da falo da soyayya da rikicin kishiyoyi, don su ne masu arha. Fim ɗin dawaki da ganuwa na cin kuɗi, kuma wa zai kai kyamara Alƙalawa a halin da hanya ke ciki? Sai dai Black Panther ma shekara 52 ya yi a takarda kafin ya samu fim nasa na kansa. Zane a takarda ba ya buƙatar rakiyar sojoji. A makarantar nan akwai masu karanta aikin jarida, akwai 'yan kwamfuta da ke haɗa hotuna masu motsi a laftof don nishaɗi, akwai masu zanen da ke ɓata hannunsu a fostocin zaɓen ƙungiya. Masu fassara finafinan Indiya irin su Algaita sun riga sun nuna cewa in abu ya zo da Hausa mai daɗi, har ƙauyen da ba lantarki zai kai.

Kafin in dawo makaranta na tura wa ƙanena Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, wanda yaro baƙi mai suna Miles Morales ne ke cikin rigar. Ya kalla sau uku. Ya yarda yanzu baƙi na iya zama akta, amma ya ce wannan ɗan Amurka ne, ba irinmu ba. Sai na kai shi wurin kakarmu na ce ta ba shi labarin Bawa. Ta ce, "Wanga ɗiya da ba ya zama wuri guda?" Amma ya zauna har ta gama. Da zan taho ya nuna mini sabon zane a bayan wata takardar tawa: mutum a kan doki, da tsagen Gobirawa a kumatu, shida a gefe guda bakwai a ɗayan, ya ƙirga su daidai. Ya sa masa alkyabba tana tashi a baya kamar ta Superman. Tambayar da ya yi mini ita ce ko Bawa na iya tashi sama, na ce masa wannan sai ya koma wurin kaka.